Katin bashi na kiredit yuniyon ko na banki: wanne ya fi tukuici, kuma ta wace hanya za a karɓe shi?

Duk wanda ya ɗan kwana biyu a Amurka ya san akwatin wasiƙunsa ba ya rabo da tallan katin bashi, kowane kamfani na cika baki da abin da zai mayar wa mai saye: wannan ya ce kashi 2 cikin ɗari, wancan ya ce maki biyar a kan kowace dala, wani kuma ya ce dala 200 kyauta idan aka kashe wani adadi cikin wata uku na farko. A gefe guda kuma akwai ƙungiyoyin ajiya da lamuni da ake kira kiredit yuniyon, waɗanda ba su cika kwarmaton talla ba, amma suna da nasu katunan da nasu tukuicin. Mai neman kati ɗaya da zai riƙe shekaru yakan rasa inda zai dafa, domin lambar da aka rubuta da manyan haruffa a kan talla ba ita ce ke nuna abin da zai shiga aljihunsa a ƙarshen shekara ba. Abubuwa biyu ne ke yanke hukunci, kuma dukansu a ƙananan haruffa suke: nawa maki ɗaya yake zama ranar da aka zo karɓarsa, da kuma ko mai katin yana biyan bashinsa kakaf kowane wata ko yana barin saura.

Bambancin gidajen biyu

Banki na masu hannun jari ne, ribarsa kuma gare su take komawa. Kiredit yuniyon kuwa ƙungiyar gama-kai ce, masu ajiya a cikinta su ne masu ita, kowane memba na da ƙuri'a ɗaya ko nawa ya ajiye, kuma rarar da aka samu takan koma ga membobi ta hanyar sassaucin kuɗin ruwa da rage caje-caje. Dokar tarayya da ta kafa tsarinsu ta fito a 1934, hukumar NCUA da ke sa musu ido kuma an kafa ta a 1970, ita ce ke ba ajiyar kowane memba inshora har dala 250,000, daidai da abin da FDIC ke yi wa masu ajiya a banki. A yau akwai irin waɗannan ƙungiyoyi sama da 4,000, membobinsu sun haura miliyan 130.

Abin da ya fi shafar mai katin bashi shi ne iyakar kuɗin ruwa. Ƙungiyar da ke da lasisin tarayya, wadda galibi ake gane ta da kalmar Federal a cikin sunanta, ba ta da ikon ɗora ruwa sama da kashi 18 cikin ɗari a shekara, kuma tun 1987 iyakar take a nan. Bankuna ba su da irin wannan takunkumi, kuma a 2023 da 2024 matsakaicin ruwan katunansu ya haura kashi 20, wasu katunan tukuici ma suna dosar 30. Sai dai ƙungiyar da jiha ta ba lasisi, irin Alliant ta Chicago, wannan iyaka ta tarayya ba ta hau kanta ba, saboda haka ba kowace kiredit yuniyon ce za a ɗauka tana ƙarƙashin kashi 18 ba tare da an duba ba.

Shi kansa tukuicin ba daga aljihun mai bayar da kati yake fitowa ba. Duk lokacin da aka goga kati, mai shago ne ke biyan la'ada, yawanci tsakanin kashi 1.5 zuwa 3 na cinikin, kuma daga cikin wannan la'ada da kuɗin ruwan masu barin saura ake yago abin da ake mayar wa mai saye. Kamar gyaran da mai awo ke ƙara wa mai saye ne a kan mudu: yana da daɗin karɓa, amma tun farko an lissafa shi cikin farashi. Wannan ne dalilin da ya sa da wuya a ga katin da ke mayar da fiye da kashi 2 a kan kowane irin ciniki ba tare da wani sharaɗi a maƙale ba.

Ma'aunan da za a bi

Na farko tsada: kuɗin ruwa, kuɗin shekara, cajin amfani da kati a ƙasar waje, da cajin cirar tsabar kuɗi. Dukansu doka ta tilasta a jera su cikin wani jadawali a takardar neman kati, wanda ake kira akwatin Schumer, da sunan ɗan majalisar New York da ya jagoranci dokar a 1988. Karanta wannan akwati kaɗai ya fi karanta tallan gaba ɗaya amfani.

Na biyu ainihin darajar tukuici. Lissafinta mai sauƙi ne: a mayar da farashin abin da za a karɓa zuwa senti, a raba da yawan makin da ake nema. Idan maki 10,000 na ba da dala 100, kowane maki senti ɗaya ne, kuma wannan shi ne mizanin da ake auna sauran da shi. Idan maki 10,000 ɗin nan na ba da kayan da ake sayarwa dala 60 a kanti, makin bai wuce senti 0.6 ba, wanda ke nufin katin da aka tallata da maki biyu a kan dala a zahiri kashi 1.2 yake mayarwa.

Na uku ɗorewa, wato ko tukuicin na lalacewa bayan wasu shekaru, da kuma yadda mai bayar da katin ya saba sauya sharuɗɗa. Na huɗu sauƙi, na shiga da na karɓa. Na biyar haɗari, wanda a nan yake nufin abin da zai faru ranar da abubuwa suka cuɗe aka kasa biya a kan lokaci.

Zaɓi na farko: katin kiredit yuniyon mai mayar da tsabar kuɗi

Wannan shi ne kati mai mayar da kaso iri ɗaya a kan kowane ciniki, ba ruwansa da ko mai aka sha ko shinkafa aka saya. Misalan da aka fi sani su ne cashRewards na Navy Federal, ƙungiya mafi girma a ƙasar, wadda aka kafa a 1933, da Power Cash Rewards na PenFed, wadda aka kafa a 1935. Dukansu suna farawa ne daga kashi 1.5, sannan su ɗaga ga wanda ya cika wani sharaɗi. A PenFed, alal misali, ana kaiwa kashi 2 idan mutum soja ne ko tsohon soja, ko kuma ya buɗe wani nau'in asusun hada-hada na ƙungiyar. Ba su da kuɗin shekara, ba su kuma cajin ƙasar waje, kuma kasancewar dukansu na tarayya ne, ruwansu bai wuce kashi 18.

Ta fuskar daraja babu wata rufa-rufa, dala dala ce. Wanda ke kashe dala 1,500 a wata da kati, wato 18,000 a shekara, zai samu dala 270 a kan kashi 1.5, ko 360 a kan kashi 2. Tazarar da mutane ke tayar da jijiyoyin wuya a kanta ke nan, dala 90 a shekara. To amma a ɗauka mutumin nan yana jan saurar bashin dala 3,000 tsawon shekara. A kan kashi 18 zai biya ruwan kusan dala 540, a kan kashi 26 kuma kusan 780. Ko a mafi sauƙin biyun ruwan ya cinye tukuicin ya ƙara da neman ciko, amma tazarar dala 240 da ke tsakaninsu ta kusa ninka waccan dala 90 sau uku. A nan ne fifikon kiredit yuniyon yake, ba a yawan tukuici ba.

Wajen shiga ne ake ɗan shan wuya. Dole sai mutum ya zama memba, ya buɗe asusun ajiya da ɗan abin da yawanci bai wuce dala 5 zuwa 25 ba, kuma kowace ƙungiya na da da'irar waɗanda take karɓa: ma'aikatan wani kamfani, mazauna wata gunduma, ko membobin wata ƙungiya. Navy Federal ta sojoji ce da tsofaffin sojoji da ma'aikatan ma'aikatar tsaro da iyalansu, saboda haka wanda ɗansa ko ƙanensa ke aikin soja yana da ƙofar shiga ko da shi bai taɓa sa kaki ba. PenFed kuwa ta buɗe ƙofarta ga kowa.

Akwai wani haɗari da ba a cika faɗa wa sabon memba ba, kuma a ganina ya cancanci a tsaya a kansa. Yarjejeniyar katin ƙungiyoyi da yawa na ɗauke da sakin layi da ke cewa memba ya amince ajiyarsa da ke ƙungiyar ta zama jinginar bashin katin. Ma'anarsa ita ce idan ya daina biya, ƙungiyar na iya ɗebe kuɗi daga asusunsa na ajiya ta biya kanta, wasu ma sukan haɗa har da motar da aka saya da lamuninsu. Mai katin bankin da ba ya ajiya a cikinsa ba ya fuskantar wannan, sai dai a kai shi kotu. Wanda yake tara kuɗin Hajji ko na ginin gida a asusu ɗaya da wanda ke ɗaure da katinsa ya kamata ya san da wannan tun kafin ya sa hannu, ya kuma yi tunanin raba ajiyar gida biyu.

Zaɓi na biyu: katin kiredit yuniyon mai tara maki

A nan ne lambobi ke ruɗar ido. Katin Platinum Rewards na PenFed ya yi suna da maki biyar a kan kowace dalar mai, uku a kan cefane, ɗaya a kan sauran, amma makinsa ba ya kai senti ɗaya idan aka zo karɓa. A ɗauka, don misali, makin senti 0.8 ne. Direban tasi ko na Uber da ke shan man dala 600 a wata zai tara maki 36,000 a shekara, wato dala 288, alhali kati mai kashi 2 dala 144 kawai zai ba shi a kan wannan man. Ya ci riba ninki biyu. Amma duk cinikin da ya faɗa rukunin maki ɗaya, kashi 0.8 ne kacal, ƙasa da rabin abin da wancan katin zai ba shi. Kati ne na wanda kashe kuɗinsa ya karkata ɓangare guda, kuma yana da haƙurin ajiye shi don wannan ɓangaren kaɗai.

Wani abin lura kuma shi ne ba abin da aka saya ake dubawa ba, lambar rukunin da aka yi wa shagon rajista da ita ake dubawa. Walmart da Target da Costco galibi ba a lissafa su cikin shagunan cefane ko da buhun shinkafa da man gyaɗa aka saya a ciki. Kantin kayan abincin Afirka a Bronx, inda ake sayen garin tuwo da daddawa da busasshen kifi, yana iya kasancewa a rukunin cefane, yana iya kasancewa a wani rukuni dabam, ya danganta da yadda mai shagon ya yi rajistar na'urarsa. Hanyar ganewa ita ce a yi ƙaramin ciniki, a jira takardar lissafin wata, a ga maki nawa aka rubuta a gabansa.

Ƙananan ƙungiyoyi da yawa ba su ke tafiyar da shirin makinsu da kansu ba, haya suke ɗauka daga kamfanoni masu shirye-shirye irin CURewards da uChoose Rewards da ScoreCard. Sakamakon haka memba yakan buƙaci wani shafi dabam da wata kalmar sirri dabam kafin ya ga makinsa, kuma a irin waɗannan shirye-shirye ne aka fi samun makin da ke lalacewa bayan shekara uku zuwa biyar, da sharaɗin sai an tara wani adadi kafin a karɓa. Ta fuskar ɗorewa wannan zaɓi shi ne mafi rauni, domin mai bayar da kati na iya ƙara yawan makin da ake nema a kan kaya a kowane lokaci, kuma wanda ya shekara uku yana tari shi ne zai fi jin jiki.

Zaɓi na uku: katin babban banki

Gaskiya ɗaya ce, a fagen tukuici zalla manyan bankuna sun fi yawancin ƙungiyoyi hannu sake. Citi Double Cash na mayar da kashi 2, ɗaya lokacin saye ɗaya lokacin biya, Wells Fargo Active Cash ma kashi 2 ne, ba kuɗin shekara, ba sharaɗin buɗe wani asusu. Discover it da Chase Freedom Flex na ba da kashi 5 a kan rukunan da ke sauyawa kowane wata uku, amma a kan dala 1,500 na farko kawai, wato iyakarta dala 75 a zango, 300 a shekara, kuma sai mai katin ya tuna ya kunna rukunin kowane zango, in ba haka ba kashi 1 zai tashi da shi. Kyautar maraba ma ta bankuna ta fi tsoka, manhajojinsu sun fi santsi, kuma ba a gindaya wa mutum sharaɗin inda yake aiki ko gundumar da yake zaune kafin a karɓe shi, tarihin bashinsa da kuɗin shigarsa ake dubawa.

Tsadar tana ɓoye ne a wurare uku. Ruwa, kamar yadda aka gani. Cajin ƙasar waje, wanda a katunan Citi da Wells Fargo da aka ambata kashi 3 ne, ta yadda wanda ya kashe dala 2,000 a otal da kantunan Makka da Madina lokacin Umra zai samu tukuicin dala 40 ya biya cajin 60. Capital One da Discover ba sa wannan cajin, sai dai Discover ba ya karɓuwa a wurare da yawa a wajen Amurka kamar Visa da Mastercard. Na uku kuɗin shekara a katunan tafiye-tafiye, irin dala 95 na Chase Sapphire Preferred, wanda ba ya biyan kansa sai ga mai yawan hawa jirgi da ya iya juya makinsa zuwa kamfanonin jiragen sama.

Zaɓi na huɗu: katin jingina

Sabon zuwa da ba shi da tarihin bashi ba ya cikin waccan gasa tukuna. Abin da ke gabansa shi ne katin da ake ajiye jingina, yawanci daga dala 200, a ba shi iyakar kashewa daidai da abin da ya ajiye. Wasu na ba da ɗan tukuici, kamar katin jingina na Navy Federal da Discover it Secured, amma ba don tukuici ake riƙe shi ba. Ana riƙe shi ne don kamfanonin tattara bayanan bashi uku, Equifax da Experian da TransUnion, su fara rubuta cewa mutumin nan yana biya a kan lokaci, kuma biya a kan lokaci shi ne kashi 35 na awon FICO, wato awon da masu bayar da bashi ke duba amincin mutum da shi. Wasu ƙungiyoyin unguwa na karɓar lambar haraji ta ITIN daga wanda ba shi da lambar Social Security, abin da ba kowane banki ke yi ba.

| Ma'auni | Kiredit yuniyon, tsabar kuɗi | Kiredit yuniyon, maki | Babban banki | Katin jingina |
|---|---|---|---|---|
| Tukuici | Kashi 1.5 zuwa 2 | Maki 1 zuwa 5 a kan dala | Kashi 1.5 zuwa 2, ko 5 a rukuni | Kaɗan ko babu |
| Ruwa | Bai wuce 18 ba a ta tarayya | Bai wuce 18 ba a ta tarayya | Sau da yawa sama da 20 | Ya danganta da mai bayarwa |
| Cajin ƙasar waje | Sau da yawa babu ko kaɗan | Sau da yawa babu ko kaɗan | Kashi 3 a wasu, babu a wasu | Ya danganta |
| Ɗorewar tukuici | Mai kyau | Yana iya lalacewa ko rage daraja | Mai kyau muddin asusu na buɗe | Ba shi ne manufa ba |
| Sauƙin shiga | Sai an zama memba | Sai an zama memba | Sai da tarihin bashi mai kyau | Sai da jingina |
| Babban haɗari | Taɓa ajiyar memba | Asarar maki, taɓa ajiya | Ruwa mai nauyi | Riƙe jingina idan an kasa biya |

Hanyoyin karɓar tukuicin

Kati ɗaya, maki ɗaya, amma abin da mutum zai tashi da shi na iya bambanta da kashi ɗaya cikin uku gwargwadon hanyar da ya zaɓa.

Zubawa cikin asusun ajiya ita ce hanyar da na fi fifitawa ga memban kiredit yuniyon, domin kuɗin na shiga cikin kwanaki kaɗan, ana ganinsa ƙuru-ƙuru, kuma ana iya yin abin da aka ga dama da shi. Ragewa daga bashin katin daidai take da ita a daraja, amma tana da wani tarko da ya kama mutane da yawa: a wurin yawancin masu bayar da kati, wannan ragi ba ya zama a madadin mafi ƙarancin biyan wata. Mutum ya ga an rage masa dala 50, mafi ƙarancin biyansa kuma dala 35, sai ya ɗauka ya fita, ya wayi gari da tarar jinkiri, idan kuma jinkirin ya kai kwana 30 a rubuta shi a tarihinsa, inda zai zauna shekara bakwai. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya ci gaba da biyansa kamar ba a rage komai ba.

Katin kyauta na kantuna yawanci senti ɗaya ne a maki, wani lokaci da ɗan rangwame, yana da amfani ne kawai idan kantin wanda aka saba zuwa ne. Kayan da ke cikin kundin shirin, su blanda da belun kunne da akwatin tafiya, su ne mafi munin ciniki kusan ko yaushe, domin farashin da aka auna makin da shi ya fi na kasuwa. Biyan kaya da maki kai tsaye a Amazon ma yakan rage daraja, makin Chase a can senti 0.8 ne maimakon ɗaya, ga kuma asarar tukuicin da cinikin zai jawo da a ce da katin aka biya. Tikitin jirgi ta shafin shirin yana iya yin kyau, amma sai an gwada farashinsa da na kamfanin jirgin kansa, sannan a tuna cewa idan aka soke tafiya ko aka sauya rana, da dillalin shirin za a yi ta fama ba da kamfanin jirgi ba, kuma ga tafiya mai zango biyu irin ta New York zuwa Kano ko Yamai wannan ba ƙaramin ciwon kai ba ne.

Duk hanyar da aka bi, tara tukuici shekara da shekaru ba dabara ba ce. Ba ya haihuwa a inda yake, hauhawar farashi na cin sa, kuma idan aka rufe asusun, ko mai katin ne ya rufe ko mai bayarwa, abin da ba a karɓa ba galibi ya tafi ke nan. Ta fuskar haraji kuwa, tukuicin da aka samu ta hanyar saye hukumar IRS na ɗaukarsa a matsayin rangwamen farashi, ba kuɗin shiga ba, saɓanin kyautar buɗe asusun ajiya da ake biya wa haraji.

Abu ɗaya da ya shafi mutanenmu kai tsaye shi ne aika kuɗi gida. Idan aka biya Western Union ko MoneyGram ko makamantansu da katin bashi, mai bayar da katin yakan lissafa shi a matsayin cirar tsabar kuɗi: babu tukuici ko senti ɗaya, a banki ana ɗora cajin kashi 3 zuwa 5, ruwa kuma yana fara hawa daga ranar, ba tare da kwanakin sassaucin nan aƙalla 21 da dokar katunan bashi ta 2009 ta tanada tsakanin fitowar takardar lissafi da ranar biya ba. Wasu ƙungiyoyin ba sa ɗora cajin, amma ruwan yana nan. Kuɗin gida daga asusun hada-hada ya kamata ya fita.

Batun riba ma ba abin tsallakewa ba ne ga Musulmi. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin da aka gindaya wa sharaɗin ruwa ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin ruwan ya hau. Wasu malaman da ke ba da fatawa a ƙasashen Yamma sun sassauta saboda buƙata, bisa sharaɗin a riƙa biya kakaf kowane wata. Kasancewar ƙungiya ta gama-kai ce bai mayar da ruwanta halal ba, kashi 18 ma ruwa ne. Wannan hukunci ne da mutum zai kai wa malamin da ya amince da shi, amma wanda ya ɗauki sassaucin ya ɗaure kansa da biyan kakaf, kuma hanya mafi tabbas ta cika wannan ita ce a saita biya na atomatik na dukan bashin, ba na mafi ƙaranci ba.

Wa ya dace da wanne

Wanda ke biyan bashinsa gaba ɗaya kowane wata, bai taɓa saɓawa ba, kuma ba ya yawan fita ƙasar, iyakar kashi 18 ba ta amfane shi da komai ba, saboda haka kati mai kashi 2 ba sharaɗi shi ne nasa, ko daga banki ko daga ƙungiya, duk wanda ya fi sauƙin samu. Idan yana zuwa gida ko Saudiyya duk shekara, sai ya fifita na ƙungiyar da ba ta cajin ƙasar waje, mai tambarin Visa ko Mastercard, ko da kashi 1.5 take bayarwa.

Wanda kuɗin shigarsa ke hawa da sauka, kamar mai aikin kwangila ko mai ƙaramin shago, kuma ya san akwai watannin da zai bar saura, ya manta da gasar tukuici ya nemi kiredit yuniyon ta tarayya. Ya ma tambaye su katinsu marar tukuici, domin ƙungiyoyi da yawa na da irinsa da ruwan da ya yi ƙasa sosai da na katin tukuici, sannan ya ajiye babbar ajiyarsa a wani gida dabam.

Direba ko mai babban iyali da cefane ke cinye rabin albashinsa zai ci moriyar kati biyu: mai maki don mai ko cefane kaɗai, mai kaso iri ɗaya a kan kowane ciniki don sauran, bisa sharaɗin ya fara lissafa darajar makin da senti ya kuma tabbatar shagunan da yake zuwa suna cikin rukunin. Idan a Costco yake yawancin sayayyarsa, ya tuna katin bashin Visa kaɗai suke karɓa a kantunansu na Amurka.

Sabon zuwa ya fara da katin jingina a ƙungiyar da ke kusa da shi, ya riƙa ɗora masa ƙaramin abu ɗaya kamar kuɗin waya, ya biya kakaf, kada abin da ke kan katin ya wuce kashi 30 na iyakarsa, bayan wata shida zuwa shekara ya nemi a mayar masa da jinginarsa a juya katin zuwa na tukuici a asusu ɗaya, domin kada tsawon tarihin da ya fara ginawa ya yanke.